Kawu Hedley Durnford, Mai Sa Wa Kifi Alama

Daga wurin Allah muka fito, kuma wurinsa kowa zai koma. A safiyar ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, Allah ya ɗauki ran Kawu Hedley Durnford a gidansa da ke kan tudu a nan Tacker's Cove, yana da shekara saba'in da huɗu, bayan ciwon huhu da ya kwantar da shi tun tsakiyar rani. Ina rumfar bakin ruwa ina barbaɗa wa kifi gishiri, na ɗaga kai sai na ga an saki labulen kowace taga a gidan, alhali rana ta fito fes. A garin nan ba ma bukatar mai shela. Na ajiye bokitin gishirin, na zauna a kan ganga.

Kawu Hedley, ni ce Verna Baggs, wadda ta yi kusan shekara talatin tana tsaye a gefenka cikin jirgi. Ban saba dogon rubutu ba. Amma na ga waɗanda suka san abin da ya same ka suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage kuma kowa da yadda yake juya labarin. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani da idona.

Na fara saninka da gaske a shekarun da gwamnati ta hana kamun kifi. Mu nan idan muka ce kifi, kod muke nufi, wani babban kifin teku mai son ruwan sanyi, sauran duk da sunansu ake kiransu. Shi ya kafa garin nan, shi ya gina cocin, shi ya aurar da iyayenmu. Rana ɗaya aka ce ya ƙare a teku, kowa ya janye jirginsa tudu. Kamfanin da nake aikin feɗe kifi a cikinsa ya rufe ƙofa. Maza suka yi ta tafiya Alberta, can nesa a yammacin ƙasar, aikin haƙar man fetur, har da mijina, wanda ya tafi da alkawarin dawowa kafin hunturu, daga baya waya ma ta gagara. Aka bar ni da 'ya'ya biyu da gida mai yoyo.

Ana cikin haka ofishin binciken kifi da ke birni ya turo wata mata, Dakta Imelda Furlong. Ta tara mu a zauren coci, ta ce suna son sanin halin ɗan kifin da ya rage: ina yake zuwa, ina yake haihuwa, nawa ke mutuwa a shekara. Hanyar ita ce a kama shi da rai, a auna shi, a maƙala masa alama mai lamba, a mayar da shi ruwa. Duk wanda ya sake kama shi wata rana, ko a ina ne, sai ya kira wayar da ke rubuce a jikin alamar ya faɗi wuri da rana da tsawon kifin. Tana neman jirgi ɗaya da mutum biyu. Mutane na cike da haushi, duk wanda ya fito daga birni a lokacin abokin gaba ne a idonsu. Kai kaɗai ka ɗaga hannu.

Ƙanenka Cluney, wanda a wancan zamani ba a ganin ɗayanku ba tare da ɗaya ba, ya zungure ka da gwiwar hannu ya ce, "Yaya, lafiyarka kuwa? Mu muna neman kifin da za mu ci, kai za ka kama ka huda masa kunne ka sallame shi?"

Ka ce, "Kifin nan ya ciyar da kakanmu, ya ciyar da ubanmu, ya ciyar da mu, ba wanda ya taɓa tambayar inda yake kwana. Yanzu da ya yi fushi ya tafi, ni dai ina so in san inda ya nufa."

Aka kwashe da dariya, kuma daga ranar sunanka ya koma Mai Huda Kunne. Washegari ka ƙwanƙwasa ƙofata ka ce, "Verna, hannunki ya saba da kashe kifi. Zo ki gwada riƙe shi ya rayu." Ka san halin da nake ciki, kowa ma ya sani, amma ba ka ambata ba, ba ranar ba, ba bayanta ba. A makon nan ka turo ɗanka Lorne da ɗan Cluney, Wince, suka hau rufin gidana da guduma. Samari ne a lokacin, sa'o'in juna, tare suka taso tare suka bar makaranta. Suka wuni a sama suna zolayar juna, Wince na cewa Lorne ya fi buga yatsansa fiye da ƙusa, suka sauko suka cinye mini tukunyar wake kaf. Rufin nan har yau bai sake yoyo ba. Da aikin da ka kira ni na rene 'ya'yana har suka yi karatu.

Kai ne mai ƙugiya, ni ce mai alama. Ba ma amfani da raga, domin tana ƙuje kifin. Kakan jawo shi a hankali daga ruwa marar zurfi, don idan aka fizgo shi daga ƙasa da sauri cikinsa kumbura yake yi, ba zai rayu ba. Sai ka jiƙa hannunka, ka zare ƙugiyar, ka shimfiɗa shi a kan katakon awo, ka rufe masa ido da jiƙaƙƙen tsumma don ya natsu. Ni kuma in soka masa alamar a gindin fiffiken baya, wata siririyar roba rawaya da ba ta wuce ɗan yatsa tsawo ba. Kafin ka sake shi kakan riƙe shi cikin ruwa a gefen jirgi har sai ya buga wutsiya da kansa. A cikin sanyin da ke tsaga fata haka kake tsoma hannu ba safa, wai roba tana goge masa yauƙin jiki. Yatsunka suka kumbura suka karkace. A 'yan shekarun nan ko maɓallin riga ba ka iya sawa, matarka Inna Effie ce ke sa maka.

Idan rana ta yi tsaka sai ka kashe inji, ka ɗora buta a kan ɗan risho, mu sha baƙin shayi da burodin Inna Effie da aka shafa wa maɗi. Ba ka da yawan magana. Amma ranar da labari ya zo cewa an kama ɗaya daga cikin kifinmu, sai ka zama wani mutum daban. Na tuna wani Bafaranshe daga tsibirin Saint-Pierre da ya kama kifin da muka saki shekarun baya. Ka nemi lambarsa ka kira don ka yi masa godiya. Shi ba ya jin Turanci, kai ba ka jin Faransanci, kuka yi ta ɗaga murya kuna ƙyaƙyata dariya. Da ka ajiye wayar na ce, "Kawu, me ya ce?" Ka ce, "Oho. Amma mutumin kirki ne."

Duk wanda ya kai rahoto, ofis kan aiko masa da hula da ɗan tukuici da bayanin inda kifin ya fito. Har Cluney mai yi maka tsiya sai da ya samu tasa, yana yawo da ita yana cewa ladan cire ɗan kunne ne. Idan akwai shekarun da zan ce mun ji daɗi, waɗannan ne.

Daga baya aka sake buɗe kamun kifi a gaɓarmu, da ƙaramin kaso ga kowane jirgi. Waɗanda suka jure zaman garin suka koma ruwa, cikinsu har da Lorne da Wince, da suka haɗa kai suka sayi ɗan buɗaɗɗen jirgi guda. Abin da ya rufa wa garin asiri shi ne wurin da muke kira Rami, wani kwari mai zurfi a ƙarƙashin ruwa dab da bakin mashigarmu, inda kifi ke cunkushewa a ƙarshen hunturu. Daga tagar gidanka ana hango wurin. Mutum zai fita da safe ya cika jirgi, ya dawo ya ci abincin rana da iyalinsa. Ko'ina a gaɓar ana kukan babu, mu muna da Rami.

A Ramin ne alamu suka fara fitowa da yawa, kuma ba namu kaɗai ba. Akwai wasu jiragen da ke irin aikinmu a garuruwa masu nisa, gabas da yamma, sai ga lambobinsu a jikin kifin Rami, kifin kuma duk cikinsa ƙwai. Kowane masunci ya gane ma'anar abin. Ba kifinmu ne ya yi yawa ba, ragowar kifin gaɓar ne baki ɗaya ke taruwa a wurin ya haihu, mu kuma muna kwashe shi. Kowa kuma ya gane abin da zai biyo baya idan birni ya ji.

Maza suka taru a rumfar Cluney wata Lahadi bayan coci. Ina wurin, a bakin ƙofa. Aka yanke shawara cewa duk alamar da ta fito daga Rami a tsinke ta a jefa ruwa, ko a ce daga wani wuri aka kamo. Aka bi kowa ya amsa. Da aka zo kanka ka ce ba za ka tona wa kowa asiri ba, ba za ka leƙa jirgin wani ba, amma kifin da ya hau ƙugiyarka za ka faɗi inda ka kama shi.

Cluney ya ce, "Yaya, ka san za su rufe."

Ka ce, "Na sani."

"To 'ya'yanmu su ci me? Hula?"

Ka ce, "Mun taɓa cinye shi sau ɗaya, Cluney, kana wurin. Wancan karon muna iya cewa ba mu sani ba."

Ya ce, "Kai ai da sauƙi, mutanen birni na biyanka ko an rufe ko ba a rufe ba."

Wannan maganar ta soke ka, na gani a fuskarka. Aikin alama na 'yan makonni ne a shekara, sauran lokaci kai ma daga Ramin kake ci kamar kowa, kuma Cluney ya san haka. Ka ɗauki hularka ka fita.

Ka kai rahoton naka, ɗaya bayan ɗaya, duk da sunan Rami. Dakta Furlong ta zo da kanta da na'urori suka duba wurin. Shekarar da ta biyo aka hana kamu a Rami duk tsawon lokacin haihuwa, wato daidai lokacin da kifin ke wurin.

Sai wasa ya koma gaba. Aka daina kiranka Mai Huda Kunne, aka daina kiranka komai. Idan ka shigo kwatar jirage ka jefa igiya, ba mai cafewa. Sai ta faɗa ruwa, ka jawo ka sake jefawa, maza na tsaye hannu a aljihu suna kallon wani gefe. Duk wanda ya tashi a bakin teku ya san babu wulaƙancin da ya kai wannan. Inna Effie takan zauna ita kaɗai a bencinta a coci. An taɓa yanke maka igiyoyin tarkon ƙaguwa gaba ɗaya. Ka san wanda ya yi, ba ka faɗa ba. Ni da muke aikin tare ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya, domin ka gaya wa kowa cewa shawarar taka ce kai kaɗai.

Kason kifi kuwa yana nan, dole a kama shi, kuma a ƙarshen hunturu ne yake da daraja a wurin masu saye. Tunda an rufe na kusa sai na nesa, can tsakiyar teku inda ba a hango gaɓa, wurin manyan jirage. Lorne da Wince suka fara zuwa can a ɗan jirginsu. Ka hana Lorne a gabana, a bakin kwata. Ya ce, "Baba, ni ban ce ka yi laifi ba. Na ma fi yarda da maganarka a kan tasu. Amma matata Sherry ta kusa haihuwa. In zauna in yi ta kallon Rami ta taga?" Ka ce ya jira iska ta daidaita zuwa watan gobe. Ya dafa kafaɗarka yana dariya ya ce, "Tsoho, koma wajen 'yan kunnenka, ka bar mu da namu."

Suka fita wata safiya a watan Maris, teku kwance lumui. Da yamma ta gabato iska ta juya arewa, da irin sanyin nan da ke mayar da feshin ruwa ƙanƙara a jikin jirgi kafin ya zube, har nauyi ya rinjaye shi. Ba su dawo ba. Washegari duk jirgin da ke garin ya fita, da jirgin ceto da jirgin sama. Kai ka gano jirginsu a kife. Lorne na nan a gefensa, ya ɗaure kansa da igiya don a same shi. Kai ka jawo shi ciki da hannunka, ni na riƙe sitiyari. Ka tuɓe rigarka ka rufe masa fuska. Ba ka juya gida ba. Muka ci gaba da zagaya wurin, gawar ɗanka a ƙasan jirgi, muna neman Wince har mai ya kusa ƙarewa.

Da muka shigo kwata, ranar an cafe igiyar. Cluney na tsaye a gaba. Ya leƙa cikin jirgin ya ga mutum ɗaya ne a kwance, ya ɗago ya dube ka. Bai ce Yaya ba. Ya ce, "Hedley, kai ka samu naka. Ina nawa?"

Iyakar sanina, wannan ce magana ta ƙarshe da ya yi maka a duniya. An binne Lorne. Wince kuwa teku ba ta ba da shi ba har yau. Ka yi makonni kana fita kai kaɗai, kana bin lungunan gaɓa da bayan tsibirai, ka dawo hannu wofi.

Dakta Furlong ta zo gaisuwa. Ta zauna a kicin ɗin Inna Effie tana kuka, ta ce idan ka bar aikin ba wanda zai ga laifinka. Ba ka ɗora mata komai ba, shayi ka zuba mata. Wannan shekarar ba mu fita aikin alama ba. Ka rame, kanka ya yi fari fat cikin 'yan watanni. Sherry ta haifi 'ya mace aka sa mata Lorna. Kai ka sassaƙa mata gadon jariri, kai ka koya mata tafiya a kan katakon kwata, kai ne uban da ta sani.

Da bazara ta zagayo na ji an ƙwanƙwasa ƙofa. Kai ne, da bokitin abincin da ake sa wa ƙugiya a hannu. Ka ce, "Ruwa ya kwanta." Shi ke nan. Na sa takalmina na bi ka.

Sau ɗaya tak na tambaye ka, bayan shekaru, muna shan shayi a cikin hazon teku. Na ce da ka san yadda abin zai ƙare, da za ka kai rahoton nan? Na zaci zan ji maganar gaskiya da amana. Sai ka ce, "Da na sani, da na tsinke alamun nan na zubar kamar kowa. Da na bar su sun kwashe Rami tas, kifin duniya ya ƙare, in dai yaran nan biyu na zaune a kicin ɗina suna cinye mini burodi. Kada ki bari wani ya ce miki ni jarumi ne." Can ka ce, "Gyara katakon, ga wani nan tafe."

Ban sake tambaya ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na san abin da ya mayar da kai ruwa ba. Wasu sun ce taurin kai ne, wasu sun ce zaman gidan ne ba ka iyawa. Abin da na gani shi ne, daga ranar har ciwo ya kayar da kai ba ka fasa fita ko kaka ɗaya ba, kuma hannunka a kan kifin bai canza ba.

Ba ka taɓa fid da rai da ƙanenka ba. Kowace shekara idan ka saro itacen hunturu sai ka sauke rabi a ƙofar gidansa. Haka itacen zai zauna, ruwa da ƙanƙara na dukansa har ya ruɓe, bai taɓa ɗaukar tsinke ba. Shekara ta zagayo ka sake saukewa kusa da ruɓaɓɓen. Akwai ranar da injinsa ya mutu a wajen duwatsun bakin mashiga, iska na tura shi kansu. Muna dawowa muka hango shi. Ka matsa kusa ka jefa masa igiya. Ya dube ta, ya dubi duwatsun, ya ɗaura. Muka jawo shi har kwata, ya kwance ya jefo maka igiyarka, ya hau tudu abinsa. Na ce, "Kawu, ko sannu babu?" Ka ce, "Ai ya ɗaura."

Mutane za su so in ce kifin ya dawo, an gane gaskiyarka, an zo an ba ka haƙuri. Ba haka aka yi ba. Kifin ya ɗan farfaɗo. Rami ya fi dā cika, ana samun manya irin waɗanda muka daina gani. Amma wata shekara ya ƙaru, wata ya ragu. Masana na cewa ruwan teku na ɗumama, masunta na cewa dabbobin ruwan nan da muke kira karnukan teku ne ke cinyewa, ba wanda zai rantse maka cewa rufe Rami ne ya yi aikin. Garin kuwa bai farfaɗo ba. Bayan mutuwar yaran nan, matasan da suka rage suka tattara suka tafi. An rufe makaranta. Gidaje sun fi mutane yawa. Jiragen da ke cin moriyar kifin yanzu daga wasu garuruwa suke zuwa, kuma yawancin masu su ba su taɓa jin sunanka ba. A nan kuwa wasu sun sauko, suna gaishe ka, suna zama da Inna Effie a coci, ba don an zauna an sasanta ba, sai don an tsufa kuma an gaji.

Zuwana na ƙarshe wurinka, kana kwance a gadon da aka jawo maka kusa da murhu, numfashi na fita da ƙyar. Na kawo maka labari daga ofis. Wata matashiya mai jirgin kanta a can yamma ta kama ɗaya daga cikin kifinmu, mace, wadda muka sa wa alama tun Lorna na firamare. Robar ta yi baƙi da gansakuka, sai da ta kankare kafin ta iya karanta lambar. Ka tambayi tsawonta lokacin da muka sake ta, na faɗa. Ka tambayi na yanzu, na gwada maka da hannu biyu. Ka lumshe ido ka ce, "Ashe ta samu ta tsufa." Inna Effie ta tashi ta shige ɗaki. Ka ce in kira matashiyar in yi mata godiya da sunanka. Na kira ta.

Ranar jana'izarka iska ta hana jirgin fito zuwa, don haka limamin coci bai iso ba, 'yan uwa na nesa ma haka. Lorna ce ta tsaya ta karanta addu'o'in, muryarta ba ta karye ba sai a ƙarshe. Da aka zo ɗaukar akwatin aka rasa maza shida masu ƙarfi a garin. Tsofaffi huɗu suka kama, ni da Sherry muka cike. Hanyar maƙabarta hawa ce, muka yi ta sauke ka muna hutawa.

Cluney bai shigo coci ba. Amma da muka isa mun tarar an haƙa kabari a gefen na Lorne, a cikin ƙasar nan mai duwatsu da ba ta jin komai sai diga. Yana zaune a kan katanga can gefe, laka har gwiwa, tafin hannunsa ya fashe yana jini. An ce tun jiya yake yi, kuma ya kori duk wanda ya zo taya shi. Bayan an watse na je wurinsa na ce, "Kawu Cluney, Allah ya saka da alheri. Da ya gani da ya ji daɗi."

Ya ce, "Kada ki je ki ce wa mutane na yafe. Ban yafe ba." Ya dubi tudun ƙasar, sannan ya ce, "Amma yayana ne. Ba wanda zai haƙa masa sai ni." Ya saɓa digarsa ya gangara. Na faɗa kamar yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Effie, wadda ta rasa ɗa, ta rasa maƙwabta, amma ba a taɓa jin ta aibata mijinta a gaban kowa ba. Inna, Allah ya ba ki haƙuri, ya ɗebe miki kewar gidan nan. Ina ta'aziyya ga Sherry, da ta zauna ta riƙe surukanta alhali tana iya tafiya kamar kowa, da Lorna, wadda ta rasa uba sau biyu. Ina ta'aziyya ga Kawu Cluney da iyalinsa, ko ya karɓa ko bai karɓa ba. Haka kuma ga Dakta Furlong, da duk wani masunci a gaɓar nan da ya taɓa ganin siririyar roba a bayan kifi ya ɗauki waya ya faɗi gaskiya.

Allah ya jiƙanka, Kawu Hedley. Ya gafarta maka abin da ka yi da sani da wanda ka yi ba da sani ba. Mu mun yi shekaru muna gardama a kanka ba mu gama ba, shi kaɗai ya san nauyin da ka ɗauka, shi ne kuma mai rahama. Ya haskaka makwancinka. Ya haɗa ka da Lorne. Ya haɗa ka da Wince, wanda ka nema ba ka samu ba, domin shi ya san inda yake kwance. Ya sanyaya zuciyar ƙanenka kafin tasa ranar ta zo. Mu kuma da muka rage a bakin ruwan nan, idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya sa a samu masu ɗaukarmu. Amin.